Kififiya, Mai Sulken Cikin Ruwa

Idan kun taɓa bin gaɓar tafki ko rafi da hantsi, wataƙila kun hangi wani abu baƙi-baƙi a kan gungumen itace, kuka ɗauka dutse ne. Kuna matsowa sai dutsen ya motsa, ya zame, ya faɗa ruwa tsundum, ya bar ku da kallon kumfa. Abin da kuka gani ita ce kififiya, wadda wasu Hausawa ke kira kunkurun ruwa.

Kun san kunkuru tun kuna yara. A tatsuniyoyin Yarabawa shi ne Ijapa, a na Ibo shi ne Mbe, sarkin wayo da dabara. A tatsuniyoyin Hausa, Gizo ne ke riƙe da wannan matsayi. Amma kunkuru bai fita daga bakin Hausawa ba, domin sukan ce, "Kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa," ga mutumin da ke sha'awar abin da ba shi da halin yi. A wannan darasi za mu ajiye kunkurun tatsuniya, mu dubi 'yar'uwarsa ta cikin ruwa. Za mu ga ƙirar jikinta, da inda take zama, da yadda take haihuwa. Daga nan za ku fahimci abin da ya sa dabbar da ta daɗe ƙwarai a duniya ta shiga haɗari a zamaninmu.

Dangin kunkuru kashi uku ne

Kunkuru yana cikin dabbobi masu jan ciki, tare da maciji da ƙadangare da kada. Masana sun ƙidaya fiye da iri 350 na danginsa a duniya. Don sauƙin fahimta, ana iya raba su kashi uku, gwargwadon inda suke zama.

Kashi na farko shi ne kunkurun tudu. Bayansa a tashe yake kamar ƙwaryar da aka kife, ƙafafunsa kuma gajeru ne masu kauri. Yawancin abincinsa ganye ne da ciyawa, kuma bai iya iyo ba.

Kashi na biyu shi ne kunkurun teku. Ƙafafunsa na gaba sun baje kamar filafilin tuƙa jirgin ruwa. A cikin teku yake rayuwa, mace ce kawai ke fitowa bakin gaɓa don yin ƙwai, kamar yadda ake gani a wasu gaɓoɓin tekun Nijeriya.

Kashi na uku ita ce kififiya, wadda ke tsakanin waɗannan biyu. Tana zama a ruwan da ba na gishiri ba, wato kogi da tafki da fadama da kududdufi, amma tana hawa tudu don shan rana da yin ƙwai. Bayanta ya fi na kunkurun tudu faɗi da kwanciya, don kada ruwa ya riƙa tare ta in tana iyo. Tsakanin yatsunta akwai fata irin ta ƙafar agwagwa, ga kuma farata masu kaifi don tonon ƙasa da yaga abinci.

Ƙirar jikinta

Abu na farko da ido ke gani shi ne ƙwaryar da ta lulluɓe jikinta. Mutane da yawa suna zaton wannan ƙwarya ɗaki ce da dabbar ke shiga ta fita. Ba haka ba ne. Ƙwaryar ƙashi ce, kuma ƙashin jikinta ne. Ku sa hannu ku taɓa haƙarƙarinku, sannan ku taɓa ƙashin bayanku. A jikin kififiya, waɗannan ƙasusuwa ne suka baje, suka manne da juna, suka zama rufin sama. A ƙarƙashin ciki kuma akwai wani faifan ƙashi, wanda ya haɗu da rufin ta gefe biyu. Jimillar ƙasusuwan ƙwaryar ta haura 50. A saman ƙashin akwai ɓawo mai sassa-sassa, irin abin da aka yi farcenku da shi. Tun da ƙwaryar tana da jini da jijiyoyi, dabbar tana jin taɓawa, tana kuma jin zafi in an huda ta ko an fasa ta.

Kififiya ba ta da haƙori. Bakinta yana da kaifi kamar na tsuntsu, da shi take kamawa ta yanka. Da huhu take numfashi kamar ku. Tana iya daɗewa a ƙarƙashin ruwa, amma tilas ta ɗago hanci ta shaƙi iska. In wani abu ya tsare ta a ƙasa, nutsewa za ta yi ta mutu. Ku riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Jikinta ba ya samar da ɗumin kansa kamar jikin mutum ko na akuya. Daga rana take samun ɗumi. Shi ya sa take hawa kan itace ko dutse da hantsi. In jikinta ya ɗumama sai ta sami kuzarin farauta da narkar da abinci. In zafi ya yi yawa kuma, sai ta koma ruwa.

Wannan ƙira tsohuwa ce ƙwarai. Ƙasusuwan da aka tono cikin duwatsu a ƙasar Sin da ƙasar Jamus sun nuna cewa dangin kunkuru suna duniya tun fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce. Manyan dabbobi masu jan ciki da suka yi zamani tare da su sun ƙare, su kuwa suna nan da sulkensu.

Ire-iren da ke ruwayen Nijeriya

Ba iri ɗaya ce kififiyar ƙasarmu ba. Ga manyan rukunoni uku da ya kamata ku sani.

Ta farko ita ce kififiyar kududdufi, wadda masana ke kira Pelomedusa. Ƙarama ce, tsawon ƙwaryarta kimanin santimita 20. Ana samun ta a ƙananan tafkuna da kududdufan damina. In ta ji tsoro ba ta jan wuyanta kai tsaye zuwa ciki. Lanƙwasa shi take yi gefe guda, ta ɓoye kai a ƙarƙashin leɓen ƙwarya. In an ɗauke ta kuma, takan saki wani ruwa mai ɗoyi don korar maƙiyi.

Ta biyu ita ce kififiyar laka, wadda ake kira Pelusios. Ita ma gefe take lanƙwasa wuya, amma tana da ƙarin dabara. Gaban faifan cikinta yana motsi kamar murfin akwati. In ta ɓoye kai da ƙafafun gaba, sai ta ɗaga murfin ta rufe ƙofa. Akwai ire-irenta a koramun dazukan kudu da yankin Neja Dalta, akwai kuma a kogunan arewa har zuwa Tafkin Cadi.

Ta uku ita ce kififiya mai taushin baya. Ita ba ta da ɓawo mai tauri. Fata ce mai santsi ta rufe ƙashin bayanta, jikinta kuma a baje yake kamar faifai. Hancinta dogo ne kamar ɗan bututu, don haka tana iya kwanciya cikin yashi a ruwa mara zurfi, ta miƙo hanci kawai ta sha iska. Tana kuma iya tsotsar ɗan iskar da ke cikin ruwa ta fatar maƙogwaronta. Wuyanta dogo ne, cizonta kuwa da zafi. Wani iri nata, da ake samu tun daga kogin Nil har zuwa kogunan Afirka ta Yamma, yakan kai kusan mita 1 a tsawo.

Damina da rani

Rayuwar kififiya tana bin ruwa. Da damina, in koguna sun yi ambaliya, fadamu sun cika, abinci yakan wadata. Tana cin ƙwarin ruwa da talibambam da katantanwa da kaguwa da ƙananan kifaye. Wasu ire-iren suna haɗawa da ganye da 'ya'yan itatuwan da suka faɗa ruwa. Tana kuma cin mushe, kuma wannan babban aiki ne: mataccen kifin da zai ruɓe ya ɓata ruwa, ita ke share shi. A wani gandun namun daji na Afirka ta Kudu ma an ga kififiyar kududdufi tana cire kaska daga jikin gadu da ya shigo ruwa.

To, yaya take yi da rani, in kududdufi ya ƙafe ƙaf? Kifi dai mutuwa yake yi, sai irin su gaiwa. Kififiyar kududdufi kuwa tana da hanya biyu. Ko dai ta taka da ƙafa ta nemi wani ruwan, ko kuma ta tona laka ta binne kanta. A can ƙarƙashi sai ta yi lamo, numfashinta ya ragu, bugun zuciyarta ya yi sannu, ba ci ba sha, har tsawon watanni. Ruwan farko na sauka, ƙasa ta jiƙe, sai ta fito. Wannan ne ya sa ake ganin kififiya kwatsam a kududdufin da jiya busasshen fili ne.

Daga ƙwai zuwa girma

Ko da yake a ruwa take zama, a tudu kififiya ke yin ƙwai. In lokaci ya yi, uwa takan fito ta nemi yashi ko ƙasa mai laushi inda rana ke samu. Da ƙafafun baya take tona rami. In ƙasar ta yi tauri, wasu ire-iren sukan jiƙa ta da ruwan jikinsu. Sai ta zuba ƙwai, ta mayar da ƙasa, ta daddanna, ta koma ruwa. Ba ta kwanci kamar kaza, ba ta kuma dawowa duba 'ya'ya. Rana ce ke yi mata kwanci, kuma a yawancin ire-iren ana ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin a ƙyanƙyashe.

A nan akwai abin mamaki. A ire-ire da yawa, zafin ƙasa ne ke yanke ko ɗan da ke cikin ƙwai zai zama namiji ko mace. A yawancinsu, rami mai ɗumi sosai yakan ba da mata, mai ɗan sanyi kuma ya ba da maza. A Afirka ta Yamma aka fara gano irin wannan al'amari. A shekarar 1966, wata masaniya mai suna Madeleine Charnier, wadda ke aiki a Dakar ta ƙasar Sanagal, ta lura da shi a ƙwan ƙadangare mai jan kai, irin wanda kuke gani a katangar makaranta. Bayan 'yan shekaru aka tabbatar da shi a dangin kunkuru. Ba kowane iri ke bin wannan hanya ba, amma ga masu bin ta, ƙaruwar zafin duniya babbar matsala ce, domin tana iya sa a riƙa samun jinsi ɗaya fiye da ɗaya.

Wani abin lura kuma shi ne, bayan an yi ƙwai da ɗan lokaci, ɗan tayin yakan manne a saman ɓawo daga ciki. In aka juya ƙwan, zai iya mutuwa. Kaza tana juya ƙwanta kullum, amma ƙwan kififiya ba ya son juyi.

Ɗan kififiya yana fasa ɓawo da wani ɗan tsini da ke kan hancinsa, wanda ke faɗuwa bayan 'yan kwanaki. Yana fitowa ɗan mitsitsi, ƙwaryarsa da taushi. Maƙiyansa kuwa ba su ƙidayuwa. Guza da tunku da kare suna tone rami su cinye ƙwai. Hankaka da zalɓe suna tsinke 'ya'yan a kan hanyarsu ta zuwa ruwa. A cikin ruwa kuma tarwaɗa da kada suna jira. Kaɗan ne ƙwarai ke tsira. Wanda ya tsira kuwa, sai ya yi shekaru yana girma kafin ya isa haihuwa.

Lissafin uwa

Yanzu mun zo kan muhimmin abu a wannan darasi. In yawancin ƙwai da 'ya'ya suna halaka, yaya aka yi kififiya ba ta ƙare ba tun tuni? Amsar tana ga uwa. Da zarar kififiya ta girma, ƙwaryarta ta yi tauri, maƙiyanta sun ragu ƙwarai. Takan yi shekaru masu yawa a raye, kuma kowace shekara tana yin ƙwai.

Mu yi ɗan lissafi don misali. Mu ƙaddara wata uwa tana yin ƙwai 15 a shekara, kuma ta yi shekara 20 tana haihuwa. Jimilla ƙwai 300 ke nan. Don kada yawan kififiya ya ragu a tafkin, 'ya'ya biyu kawai ake bukata su girma, ɗaya ya maye gurbin uwa, ɗaya ya maye gurbin uba. Ko da 298 sun halaka, ba a yi asara ba. Amma mu ƙaddara an kama uwar a shekararta ta biyu ta haihuwa. Ƙwai 30 kawai ta yi, kuma mai yiwuwa ne babu ko ɗaya da zai girma. Wanda ya kama ta yana ganin dabba ɗaya ya ɗauka, alhali ya tafi da haihuwar shekara 18.

Kun ga ke nan, duk dabarar rayuwar kififiya ta dogara ne ga tsawon ran uwa. Sulkenta ya isa ya kare ta daga haƙorin dabba. Bai isa ya kare ta daga taru da wuƙa da tayar mota ba. Abin takaici kuma, uwa ce ta fi faɗawa hannun mutane, domin ita ce ke fitowa tudu neman wurin ƙwai, kuma a ire-ire da yawa ita ce ta fi girma da nama.

Abubuwan da ke yi mata barazana

Masana sun ce kimanin rabin ire-iren dangin kunkuru na duniya suna fuskantar haɗarin ƙarewa. A ƙasarmu, ga manyan dalilai.

Na farko, kamu. Ana kama kififiya don nama, ana kwashe ƙwanta, ana kuma sayar da ƙwaryarta a kasuwannin magungunan gargajiya. Wata kuma ba ita ake nema ba, sai ta faɗa cikin taru ko tarkon kifi da aka nutsar. Tun da ba ta iya ɗagowa ta sha iska, kafin masunci ya zo ta mutu.

Na biyu, raguwar ruwa. A farkon shekarun 1960, faɗin Tafkin Cadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan faɗi. Haka kuma, madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974, da ta Challawa da aka gama a 1992, sun kawo amfani ga noman rani da ruwan sha a Kano, amma sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara. Duk fadamar da ta bushe, gidan kifi da tsuntsu da kififiya ne ya rushe.

Na uku, haƙar yashi. Yashin bakin kogi da ake lodawa a manyan motoci don gini, shi ne ɗakin haihuwar kififiya. In an kwashe shi da ƙwai a ciki, haihuwar shekara ta tafi.

Na huɗu, gurɓatar ruwa. Malalar ɗanyen mai a yankin Neja Dalta, da dagwalon masana'antu, da maganin ƙwari da wasu ke zubawa a ruwa don kashe kifi, duk suna kashe abincinta, su kuma cutar da ita kanta.

Don ku san cewa ƙarewa ba tatsuniya ba ce, ga misali. Akwai wata babbar kififiya mai taushin baya da masana ke kira Cyclanorbis elegans. A da an san ta a manyan kogunan Afirka ta Yamma, har da na Nijeriya. Sai aka yi shekaru masu yawa masana ba su ga ko ɗaya a daji ba. A shekarar 2017 ne aka sake gano wasu a Farin Nil, cikin Sudan ta Kudu. Yau tana cikin dabbobin da suka fi kusa da ƙarewa a duniya.

Darasi daga Amurka

Ba a Afirka kaɗai aka ga irin wannan ba. A gaɓar tekun ƙasar Amurka, daga jihar Massachusetts zuwa Texas, akwai wata kififiya mai zanen lu'ulu'u a baya. Ita tana zama ne inda ruwan kogi ke gauraya da na teku, kuma tana da wata hanya kusa da ido ta fitar da gishirin da ya yi mata yawa. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon ƙarni na 20, miyar namanta ta zama abincin masu hali a manyan birane. Aka yi ta kamu har ta kusa ɓacewa a wurare da dama. Da sha'awar miyar ta ragu a shekarun 1920 da 1930, sai ta fara farfaɗowa sannu a hankali.

Daga baya wata matsala ta taso. Tarkon kaguwa da masunta ke nutsarwa yana kama ta, ta mutu a ciki. Maganin da aka samo mai sauƙi ne. Ana ɗaura wani ɗan ƙarfe ko roba mai kusurwa huɗu a bakin tarkon. Kaguwa tana wucewa, babbar kififiya kuwa ƙwaryarta ba ta shiga. Masunci bai rasa kaguwarsa ba, kififiya ba ta rasa ranta ba. A shekarar 2007, jihar Maryland ta hana kama ta don sayarwa. A watan Yuni na 2011 kuma, fiye da 100 daga cikinsu suka hau hanyar tashin jirage a filin jirgin sama na John F. Kennedy da ke birnin New York, suna neman yashin yin ƙwai. Aka jinkirta tashin jirage, ma'aikata suka tsince su ɗaya bayan ɗaya suka kai su wurin da ya dace.

Doka da al'ada

Nijeriya tana cikin yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1973 kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wadda ake kira CITES. A taron da aka yi a Johannesburg a 2016, an sa ire-iren kififiya mai taushin baya na Afirka cikin jerin dabbobin da ba a fitarwa daga ƙasa sai da izini. A cikin gida kuma akwai dokar kare irin waɗannan dabbobi tun 1985. Haka nan, a shekarar 2000 an sa tafkin Nguru cikin jerin fadamu masu muhimmanci ga duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971.

Amma hutar da ruwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A ƙasar Hausa akwai sarautar Sarkin Ruwa, mai kula da al'amuran su. A Argungu ta jihar Kabi, ana hana su a wani sashe na kogin Matan Fada har sai lokacin bikin kamun kifi ya zo. Ku tambayi dattawan garinku, wataƙila ku tarar akwai tafki ko korama da kakanninku suka hana taɓawa a wani lokaci na shekara. Sun san cewa ruwan da ba a hutar da shi, wata rana zai daina bayarwa.

Abin da za ku iya yi

In kun ga kififiya tana tsallaka hanya, ku tabbata babu mota, sannan ku ɗauke ta da hannu biyu ta gefen ƙwarya, can wajen baya, ku ajiye ta a ɓangaren da ta nufa. Kada ku ɗaga ta ta wutsiya. Mai taushin baya kuwa, kada ku taɓa ta, ku kira babba, domin wuyanta yana kaiwa nesa. Bayan kun taɓa kowace irin kififiya, ku wanke hannu da sabulu, saboda jikinta na iya ɗauke da ƙwayoyin cutar ciki.

In kun ga uwa tana tona rami, ku tsaya daga nesa, ku yi shiru. Kada ku tone ramin, kada ku juya ƙwan. Kada ku huda ƙwarya don ɗaura igiya, kada kuma ku kai ta gida ku sa a bokiti. In kunkurun tudu kuka tsinta, kada ku jefa shi ruwa da sunan taimako, domin nutsewa zai yi.

Ku buɗe littafin lura a ajinku. Duk wanda ya ga kififiya ya rubuta rana da wuri da irinta da abin da take yi. In kun shekara kuna yi, za ku san watannin da take yin ƙwai a yankinku, da wuraren da ya kamata a kiyaye.

Masunci ba maƙiyi ba ne. Abincin iyalinsa yake nema, kuma ya fi ku sanin ruwa. In kun same shi, ku gaishe shi da ladabi. Kuna iya cewa, "Sannu da aiki, Baba. Don Allah, a wane wata kififiya ke fitowa yin ƙwai a nan? Da yanzu, yaushe ta fi yawa?" Amsar da zai ba ku ilimi ce da ba a kowane littafi za ku same ta ba. In hira ta yi daɗi, ku gaya masa lissafin uwa da kuka koya, ku roƙe shi ya riƙa sakin manyan mata a lokacin ƙwai. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Uwa ɗaya da aka mayar ruwa bana, za ta iya ci gaba da yin ƙwai a wannan gaɓa har ku gama makaranta, ku kawo 'ya'yanku su gan ta tana shan hantsi.

Ma'anar wasu kalmomi

Sulke: rigar ƙarfe da mayaƙan da ke sawa don kare jiki.
Hantsi: lokacin da rana ta ɗaga, tsakanin safiya da tsakar rana.
Fadama: ƙasa mai dausayi wadda ruwa ke kwanciya a kanta.
Kududdufi: ramin da ruwan sama ke taruwa a cikinsa.
Talibambam: ɗan kwaɗo tun yana da wutsiya.
Mushe: dabbar da ta mutu ba a yanka ba.
Lamo: kwanciya shiru ba motsi.
Taru: babbar ragar kama kifi.
Su: sana'ar kamun kifi. Mai yin ta shi ne masunci.

Tambayoyi

1. Kawo bambanci biyu tsakanin kunkurun tudu da kififiya.
2. Me ya sa kififiya ba ta iya fita daga ƙwaryarta?
3. Yaya kififiyar kududdufi ke tsira da rani?
4. Bayyana dalilin da ya sa kama uwa ɗaya ya fi cutar da tafki fiye da asarar ƙwai masu yawa.
5. Wace dabara aka yi wa tarkon kaguwa a Amurka, kuma wa ya amfana da ita?
6. Rubuta jimla biyar da Hausa a kan wani ruwa da ke kusa da garinku da dabbobin da ke cikinsa.